Minti Goma Sha Ɗaya a Kan Rufi

Asabar, 4 ga Fabrairu

Baje kolin gidaje masu taya a garin South Bend. Awa biyar a tsaye. Na shiga guda ashirin da uku, na fito da ciwon baya da baƙin ciki.

Matata Rhonda ta kafe sai mun sayi tafi-da-gidanka kafin hutun makaranta na Yuni, mu ɗaura wa a-kori-kurata mu nufi yamma, mu ga duwatsun da na shekara talatin ina nuna wa 'ya'yan mutane a taswira. Na yarda da tafiyar. Ban dai yarda in kwashe guminmu in sayi kwalin da aka shafa wa hoda ba.

Sunayen gidajen kaɗai sun isa su tayar wa mutum da hawan jini. Gaggafar Dutse. Kyarkecin Arewa. Iskar 'Yanci. Dukkansu kuma a nan gundumarmu ta Elkhart aka ƙera su, inda tudu mafi tsawo shi ne jujin hukuma.

Na tafi da tocila da ƙaramin madubi da littafin aljihu. Rhonda tana buɗe firji tana shafa labule, ni ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Garin katako ba a share ba. Wayoyin wuta a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ƙusa ta kauce wa katako ta fito waje tana shan iska. Na ja wata durowa, fuskarta ta biyo hannuna, sauran jikin ya ce ba ya zuwa. Wani dillali mai suna Brock, mai haƙora kamar na talla, ya ce kada in damu, garanti zai ɗauka. Na ce masa jirgin Nuhu ba shi da garanti, liƙe shi aka yi ciki da waje. Ya yi irin dariyar wanda bai ji abin da aka ce ba.

Guda ɗaya ce ta burge ni, ƙirar Marbrook. Na roƙi tsani na leƙa rufin. Danƙon da aka zagaye tagogin iska da shi layi ɗaya ne santal, ba tsinkewa, ba kumburi, kamar an ja shi da rula. Na ɗauki hoto. Tsadarta kuwa sai ka ce da fili ake haɗa maka.

Na kuma leƙa rufin Dunlin, ta kamfanin da ƙanena Merle ya shekara ashirin da bakwai yana aiki, a sashen rufin ma kuwa. Dangwal-dangwal, kamar kaza ta taka danƙo ta bi ta kai. Nan ma na ɗauki hoto. Ban san dalilin ɗaukar ba.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Rhonda ta ce mu sayi Dunlin mu huta, ga rangwamen da ake yi wa dangin ma'aikata, ga Merle zai ji daɗi. Na ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ta ce ita ma ai ta san abin da ta aura.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Da Merle a shagon abincin da muka saba, ƙarfe uku da rabi. Tun rasuwar Baba muke wannan zama kowace Alhamis, shekara goma sha tara ke nan, teburi ɗaya, kofi da fai, irin kek ɗin nan na madara da sukari. Shi yana shiga aiki biyar na asuba ya tashi wajen ɗaya, don haka kullum nakan tarar da shi yana gyangyaɗi a kan cokali.

Ya ce ya ji Farfesa ya je baje koli da tocila, yana fatan ban kayar da kowa a jarrabawa ba. Farfesa yake ce mini tun ina aji shida, malamin tarihi ne kawai ni a sakandare, ya sani. Na ce na ga abubuwa. Ban ƙara ba. Wayar tana aljihuna tana ƙaiƙayi.

Yana ɗingishi. Ya ce sanyi ne.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Abincin rana a gidan Mama. Kaza da taliya a kan dankalin da aka dama, kamar kowace Lahadi tun zamanin da ake rubutu da gashin tsuntsu.

Rhonda ce ta tayar da zancen, ba ni ba, wannan kam a rubuta. Ta tambayi Merle wace Dunlin ce ta fi dacewa da mutum biyu. Ya fara lissafa mata, da murnarsa, har yana zana ɗakin da cokali mai yatsu a kan tebur. Na daure iya ƙoƙarina, wajen minti biyu. Sai na fito da waya.

Na nuna hoton Dunlin tukuna, ya zagaya teburin. Sannan na Marbrook. Na ce ga aikin wanda ke jin kunyar sunansa, ga kuma aikin wanda idonsa ke kan agogo. Na ce mutanen Rum sun gina magudanar ruwa da har yau ba ta yoyo, mu kuma da injuna mun kasa liƙe rami mai faɗin faranti. Na ji maganar tana daɗi a bakina, wannan ne ciwona. Na ƙarasa da cewa ko karena ba zan kwantar a ƙarƙashin rufin Dunlin ba.

Merle ya riƙe wayar ya daɗe yana kallon hoton Marbrook. Har ya buɗa shi da yatsa biyu. Ya ajiye mini ita a gefen farantina a hankali, ya ce wa Mama abinci ya yi daɗi, ya ɗauki hularsa.

Mama ta ce, "Lowell, ba ka da kare."

Ƙarya na yi? Hoton ne ya yi magana, ba ni ba. Idan yaro ya kawo mini aikin banza jan biro nake sa masa, ba na tambayar ɗan gidan wa ne. Mutum mai shekara hamsin da biyu ya tashi daga teburin uwarsa don an nuna masa hoto.

Muka kama hanyar gida. Rhonda ta kunna rediyo, tashar farashin masara.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Bai zo ba. Na ci nawa, na ci nasa.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Filin dillalai uku, cikin dusar ƙanƙara. Na koyi ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa: inda ya yi ƙara kamar ganga, fatar ta rabu da abin da ke ciki. Na koyi taka ƙasan ɗaki kusa da ƙofa da bakin banɗaki, inda yake fara laushi. Na koyi shanshana kabad. Sababbi ful, ba a taɓa kwana cikinsu ba, biyu sun riga suna warin danshi.

Wani ya ce mini ai gida ne da ake yi wa girgizar ƙasa duk lokacin da ya hau titi, dole wani abu ya saki. To a ƙera shi don girgizar ƙasar mana. Ba a ɓoye musu cewa taya gare shi ba.

A wani wurin an manna takarda mai tambarin zinariya a ƙofa, wai an duba abu ɗari da ashirin kafin ya bar masana'anta. Takardar ma a karkace aka manna ta.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Bai zo ba. Mai kawo abinci ta tambaya ko lafiya, na ce aiki ya yi masa yawa. Na kira shi daga mota, wayar ta yi ta ringi.

Shekara goma sha tara. Ranar da aka yi wa Rhonda tiyata ma ya zo, ya kawo fai ɗin har asibiti a takarda. Yanzu saboda danƙo. Shi ya sani. Ni ba zan bi mutum da roƙo don na faɗi gaskiya ba.

Asabar, 4 ga Maris

Na yanke shawarar Marbrook, ko da za mu ci gwangwanin wake har Kirsimeti. Amma kafin in sa hannu na ɗauko mai duba irin waɗannan gidaje, wadda ba ta cin albashin kowane dillali. Sunanta Yolanda Prieto, gajeriya, ba ta dariya, ta zo da na'urar auna danshi da tsaninta na kanta. Awa uku tana bin gidan lungu-lungu. Na so ta nan take. Da a ajina take da ta ci maki ɗari.

Ta sami ƙananan abubuwa tara. Rufi kuwa ta ce ba laifi ko ɗaya. Na ce ai na sani, shi ya sa na zaɓi Marbrook ba tarkacen Dunlin ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ja ni gaban gidan ta hagu, ta nuna wata 'yar takardar ƙarfe-ƙarfe da na wuce sau goma ban karanta ba, ni da nake karanta bayan kwalin man goge baki. Sunan kamfanin da ya ƙera, lambar masana'anta, wata da shekara. Ta ce kamfanin su Dunlin ya saye Marbrook shekara uku da suka wuce. Masana'anta ta shida. Layi ɗaya, mutane ɗaya. Litinin zuwa Laraba suna fitar da Dunlin talatin a rana, Alhamis da Juma'a su fitar da Marbrook goma sha takwas.

Ta ce, "Sunan da ke jikin bango sitika ne, Malam. Tambayi wace masana'anta, kuma guda nawa suka fitar a ranar."

Masana'anta ta shida ita ce ta Merle. Mutum huɗu ne a sashen rufi, shi ne babbansu, shi ke zagaye tagogin iska da danƙo.

Na ce wa dillalin zan yi tunani.

Lahadi, 5 ga Maris

Ya gane hannunsa a hoton. Shi ya sa ya buɗa shi da yatsa. Ya gane, ya yi shiru, ya bar ni ina ta zuba a gaban Mama kamar rediyon da ya lalace.

Wannan ma ai mugunta ce. Da ya faɗa.

Talata, 7 ga Maris

Yau na koyar da 'yan aji goma sha ɗaya yadda masaƙun farko suka sa agogo a bango suka hana ma'aikata riƙe nasu. Shekara talatin ina ba da wannan darasi, har da muryar tausayi da nake sawa a wurin da ya dace. Na tsaya a tsakiya na manta abin da ke biye. Wata yarinya ta tuna mini.

Asabar, 11 ga Maris

Na je gidansa. Yana gareji a zaune kan bokitin da aka kife, ƙafar dama a miƙe da ƙullin ƙanƙara a kan gwiwa. Bai ce in zauna ba, ba kuma abin zama.

Na yi niyyar in fara da laushi. Abin da ya fito shi ne: me ya sa ba ka faɗa ba?

Ya ce ya faɗi me, ai Farfesa ba ya tambaya, darasi yake bayarwa.

Sai ya yi mini bayani, idonsa a kan ƙanƙarar. Ba da awa ake biyansu ba, da adadi ne. Ofis ya rubuta lambar ranar a allo, layi gaba ɗaya ya raba kuɗin abin da aka fitar, in an cika lamba kowa ya tafi gida. Ranar Dunlin minti goma sha ɗaya yake da shi a kan kowane rufi. Ranar Marbrook goma sha tara. In ya ƙara minti biyu don layin danƙo ya yi kyau, mutum arba'in ne a bayansa suke tsaye, masu 'ya'yan da za a ɗauko a makaranta, masu shanun da za a tatsa, kuma ba a ƙara wa kowa ko sisi.

Har nan ina tare da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, na ga haka na yi. Sai ya ɓata komai.

Ya ce in dai Rhonda na son Dunlin, a yi oda da sunansa. Ranar da gindin gidan zai shiga layi za a ɗaura jan ƙyalle a ƙarfen da ake jan gidan da shi, kowa ya san na ɗan gida ne, kowane sashe ya sassauta, a share, a duba ƙusa, a yi shi yadda ya kamata. Manya sukan kau da kai. Amma da yake hakan yana cin kusan minti arba'in na kowa, al'ada ce masu gidan su zo da kansu kafin biyar, da donat da kofi na mutum arba'in, su tsaya a bakin layi a gan su. Ba a aiko wa. Sai an ga fuskar wanda ake makara dominsa.

Na ce wato kun iya ke nan. Kun iya, sai dai ga dangi. Tsoho da tsohuwar da suka sayar da gidansu suka sayi wanda ke bayan nawa fa, su da ba su da ƙane a masana'anta ta shida? Su ci yoyo? Na ce wannan cin hanci ne da aka barbaɗa wa sukari, ba da ni ba.

Ya ɗago ya dube ni karo na farko.

"Yaya, ba ni na rubuta lambar a allo ba. Abu ɗaya nake da ikon ba ka a duniyar nan, minti takwas. Ka ce ba ka so."

Rabon da ya ce mini Yaya tun jana'izar Baba.

Na fito na bugo ƙofar garejin. Irin mai naɗewa sama ce, ba ta buguwa, sai ta sauko a hankali tana kuka. Ko fushi ba a barin mutum ya yi da mutunci.

Litinin, 13 ga Maris

Har yanzu ina kan bakana. Ba daidai ba ne. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi huɗu, da misalai daga ƙarni uku. Rhonda ta karanta ta ce tana da kyau ƙwarai, wa zai karanta?

Lahadi, 19 ga Maris

Merle ya koma zuwa gidan Mama ranar Asabar don kada mu haɗu. Mama ta ajiye faranti uku maimakon huɗu. Da za mu tafi ta riƙe hannun rigata ta ce ita shekararta tamanin da ɗaya, ba ta da lokacin jiran mutum biyu su gama girma.

A mota Rhonda ta sanar da ni, ba shawara ba, sanarwa, cewa ta yi odar Dunlin da sunan Merle tun ranar Laraba. Rabin kuɗin nata ne, ta ce, rabina kuma in na ga dama in kwana a waje. Za ta kai donat ɗin ita kaɗai in ta kama.

Na ce tana taimaka wa zalunci. Ta ce zaluncin yana nan ko ta kai donat ko ba ta kai ba, ƙanena ne ba lalle ya kasance yana nan ba.

Na ƙi cin abincin dare. Ba wanda ya lura.

Alhamis, 30 ga Maris

Na daina zuwa shagon. Mutum ba zai yi ta cin fai biyu ba, likita ya hana.

Laraba, 5 ga Afrilu

Hutun makaranta ne, ba abin da nake yi, kuma Rhonda ba ta iya tuƙi da duhu. Dalilin zuwana ke nan.

Kwali biyar na donat, tulun kofi biyu. Biyar saura kwata muna bakin masana'anta ta shida. 'Yan Amish, ɗariƙar nan da ba sa tuƙa mota, suna ta isowa a kan kekuna da fitilu a goshi, wasu a motar haya, mata 'yan Meziko da gashinsu a ɗaure. Muka tsaya a bakin layi kamar masu karɓar gaisuwar biki. Kowa ya ɗauki ɗaya ya dube mu. Dubawar ce abin, na gane. Wani mai gemu ya tambaya ko ni ne mai karen. Wato labari ya zagaya.

Shugabar layin ta tsaya a gabana ta ce, "Malam Stutzman." Ofelia ce, na koyar da ita fiye da shekara ashirin da suka wuce. Ta ce na taɓa ba ta sifiri don ta kawo aiki a makare da kwana ɗaya. Ta ce yau kuma ni zan makarar da ita, ta ɗauki donat biyu.

Aka busa ƙaho. Ban taɓa ganin manya suna gudu a wurin aiki ba. Gudu na gaske, da bango a hannu, da kabad a kafaɗa. Ƙarar bindigogin ƙusa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ƙarfe tsirara yake shiga ta wannan ƙofa, ya fita ta waccan da labule. Shekara hamsin da shida ina zaune mil shida daga nan.

Merle yana can sama a kan dakalin ƙarfe, daidai tsayin rufi. Gida ya iso, ya sauka kansa da gwiwoyi, ya ja jiki daga taga zuwa taga, ya miƙe da ƙyar da hannu ɗaya a kan ƙarfe, na gaba ya riga ya iso. Na duba agogo ba da niyya ba. Goma sha ɗaya. Goma da rabi. Goma sha ɗaya. Sau talatin a rana yake durƙusawa ya tashi. Na fara lissafin shekara ashirin da bakwai na bari.

Namu ya shigo da jan ƙyallensa wajen bakwai da rabi. Sai ƙarar ta canja. Wata mata ta ɗauko tsintsiya. Wani ya cire ƙusar da ta karkace ya sake bugawa. Ba wanda ya dube mu. Merle ya yi minti ashirin a kai, bai ɗago ba.

Na bayan namu ba shi da ƙyalle. Na bi shi da ido har ya fita. Wani zai saye shi, zai yi murna, zai kira 'ya'yansa a waya. Har yanzu raina yana tafasa in na tuna, kuma ban san wa zan kama ba, wanda ya rubuta lambar ba ya zuwa da asuba.

Sun tashi biyu saura maimakon ɗaya. Na jira a wurin ajiye motoci. Merle ya gaisa da Rhonda, ya ce mini an gode da donat, kamar yadda ake ce wa baƙo. Ya shiga motarsa. Sai da ya ɗaga ƙafar dama da hannu biyu ya shigar da ita.

Asabar, 22 ga Afrilu

Mun ɗauko shi daga wurin dillali. Yana tsakar gida ya tare rabin hanya. Durowa duk suna buɗewa, suna kuma rufewa, abin mamaki. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke tas, mutum zai iya cin abinci a wurin.

Na sa Rhonda a ciki da tocila, na hau tsani da tiyo na yi wa rufin ruwan sama na minti ashirin. Sai ta ƙwanƙwasa taga. Ɗigo ɗaya-ɗaya a gefen tagar iskar banɗaki.

Na sauko ina huci. Ga shi nan, da ƙyallen da donat ɗin da komai. Na ɗauko waya zan ɗauki hoto. Na tsaya da ita a hannu a cikin banɗakin da bai kai akwatin gawa faɗi ba. Na mayar aljihu. Hasken wurin ba shi da kyau.

Rhonda ta ce za ta kira Merle. Na ce garanti zai ɗauka. Ta dube ni har sai da na ji abin da na faɗa.

Asabar, 29 ga Afrilu

Ya zo ƙarfe goma, da sanda. An zuƙe masa ruwa a gwiwa ranar Talata, tiyata sai Yuli, likita ya hana shi tsani. Ya ce wa Rhonda, ba ni ba, cewa a hanyar kai wa dillali wani reshe ya goge gefen tagar, yana faruwa, ba wani abu ba ne. Ya fito da kwalin danƙo da abin matsa shi da wuƙar kankarewa daga mota. Ya miƙo mini. Ya ce hau.

Na ce ban taɓa yi ba. Ya ce ai na karanta.

Rufin ya fi yadda yake a hoto santsi, kuma yana lotsawa a ƙarƙashin gwiwa. Na kankare tsohon, na goge, shi yana ƙasa riƙe da tsanin da ba kowa a kai, yana ba da umarni. Kada in tsaya a tsakiya. Kada in ɗaga bakin kwalin. Matsa daidai, ja daidai. Danƙon yana fitowa lokacin da ya ga dama, in ka saki ma bai daina ba. Ya hau hannun rigata, ya hau agogona. Gwiwoyina suka fara wuta tun kafin in gama gefe biyu.

Minti arba'in, taga ɗaya. Na ɗauki hoto na miƙa masa wayar ƙasa don ya duba. Ya buɗa da yatsa biyu. Ya daɗe.

"Farfesa, kaza ce ta taya ka?"

Rhonda ta shige gida da sauri, na ji ta tana dariya a kicin.

Ya ce a kankare a sake. Na kankare na sake. Na biyun ma ba kyau, amma ya ce ruwa ba ya duba kyau, zai riƙe. Ina can sama na tambaye shi, minti goma sha ɗayan nan, taga nawa ke ciki? Ya ce uku, da bakin gaba da na baya, da gindin eriya. Na zauna a kan rufin na ɗan jima. Iska ce mai daɗi, shi ya sa.

Ban ba shi haƙuri ba. Ba a yin irin wannan magana daga kan rufi, sai an ɗaga murya, maƙwabta su ji. Kuma har gobe ina cewa al'adar ƙyallen nan ba daidai ba ce, na gaya masa ma da na sauko. Ya ce shi ma bai ce daidai ba ce. Ya ci gurasa da nama a tsaye a jikin motarsa, ya ce tayoyin da kamfani ke sawa na banza ne, in canja su kafin mu tafi, kada in gaya wa kowa shi ya faɗa.

Zai dawo Asabar mai zuwa, wai sai ya duba ko danƙon ya kama, don yana ɗaukar mako guda cur. A jikin kwalin an rubuta kwana biyu. Na jefa kwalin a shara kafin Rhonda ta gani.